Yadda Za Ka Saba da Mastodon: Zaɓen Masauki, Kai Ƙara da Ƙaura Idan Ta Kama

Duk wanda ya daɗe yana amfani da Facebook ko X ya saba da tsari guda: kamfani ɗaya ne ke riƙe da dandalin, shi ke kafa doka, shi ke rufe asusun wanda ya ga dama, kuma idan ya rufe babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa sai tasa. Ba a kan wannan tsari aka gina Mastodon ba, kuma yawancin ruɗanin da sababbin shiga ke faɗawa ciki yana tasowa ne daga zaton da suke zuwa da shi cewa akwai wani babban ofishi da ke lura da kowa. Babu irin wannan ofishi. Wani injiniyan manhaja a Jamus mai suna Eugen Rochko ne ya fitar da Mastodon a 2016, ya kuma bar manhajar a buɗe ta yadda duk mai kwamfutar sabar da sanin aiki zai iya kafa nasa dandalin, ya rubuta nasa dokokin, ya karɓi waɗanda yake so. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan dandali masu cin gashin kansu zan riƙa kiransa masauki. Dubban masaukan suna musayar saƙo da juna ta wata ƙa'idar sadarwa mai suna ActivityPub, wadda hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da ita a Janairun 2018, kamar dai yadda mai adireshin Gmail ke aika wa mai adireshin Yahoo wasiƙa ba tare da sun yi rajista a wuri ɗaya ba. Saboda haka adireshin mutum a nan kashi biyu ne, sunansa da sunan masaukinsa, kuma da wannan adireshi ɗaya zai iya bin masu wallafa hotuna a Pixelfed ko masu bidiyo a PeerTube.

Mutane sun fi kwarara zuwa Mastodon ne bayan Elon Musk ya sayi Twitter a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, lokacin da adadin masu amfani da Mastodon a kowane wata ya tashi daga kusan 300,000 zuwa miliyan 2.5 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Da yawansu ba su daɗe ba suka koma inda suka fito. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana illar dogaro da dandali ɗaya, domin daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter bayan kamfanin ya goge wani saƙo na shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, kuma manhajar Koo ta Indiya da gwamnati ta koma a wancan lokaci ita ma ta rufe baki ɗaya a Yulin 2024. Dandalin da ba shi da mamallaki ɗaya yana rage irin wannan haɗari, amma yana ɗora wa mai shiga wani nauyi da bai saba ɗauka ba, wato ya zaɓi wanda zai riƙa yi masa hukunci.

Kafin ka yi rajista

Fataken da suka riƙa kai kaya Gwanja da garuruwan kudu sun san cewa baƙo ba ya sauka a zango sai a hannun maigida, wanda zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso, kuma mutuncin maigidan ne ke buɗe wa baƙon kasuwa ko ya rufe masa ita. Matsayin mai masauki a Mastodon ke nan. Shi ke riƙe da duk abin da ka rubuta, shi ke karɓar ƙararka, shi ke yanke shawarar waɗanne masaukai za a yi hulɗa da su, kuma idan sauran masaukai suka ɗauke shi a matsayin mai sakaci, kai ma za a rufe maka ƙofa ko da ba ka taɓa saɓa wa kowa ba. Don haka kada ka yi gaggawar danna maɓallin rajista. Ka ware lokaci ka buɗe shafin bayanin masaukin, wanda ake iya karantawa ba tare da asusu ba.

Abu na farko da za ka karanta a can shi ne dokoki, kuma ka karanta su har ƙarshe. Yawancin masaukan Turai da Amurka sun haramta ƙasƙantar da mutum saboda launin fatarsa, ƙabilarsa, addininsa ko jinsinsa, sun kuma haɗa har da masu neman jinsi a cikin waɗanda dokar ta kare. Ya kamata Bahaushe ya san wannan tun daga farko, domin akwai kalaman da ake furtawa a muhawarorinmu na Facebook ba tare da kowa ya ɗaga kai ba, waɗanda a can za su sa a rufe asusu a rana ɗaya. Wannan dokar dai ita ce za ta tsaya maka ranar da wani ya zage ka don kai baƙar fata ne ko don kai Musulmi ne. Idan ka ga ba za ka iya zama a ƙarƙashin dokokin wani masauki ba, ka nemi wani tun kafin ka tara mabiya, domin shiga da niyyar yin gardama da masu gida ɓata lokaci ne kawai. Ka kuma lura da ƙasar da masaukin yake, saboda dokarta na hawa kansa. Babban masaukin nan mastodon.social, alal misali, yana ƙarƙashin dokar Jamus, inda musanta kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa laifi ne.

Daga nan sai ka duba mutanen da ke gudanar da shi. Mutum ɗaya ne ko ƙungiya? Masu sa ido nawa ne, kuma a waɗanne yankuna suke zaune? Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci fiye da yadda take a ido, domin idan duk masu sa idon suna yammacin Amurka, to ƙarar da ka kai da safe a Kano ko Damagaram za ta tarar da su suna barci. Ka buɗe shafin mai masaukin ka ga yaushe ya yi rubutu na ƙarshe, ka ga yadda yake amsa wa masu ƙorafi. Ka bincika ta ina kuɗin gudanarwa ke shigowa, domin kusan duk masaukai ba sa saka talla, da gudummawar mambobi suke biyan kuɗin sabar, kuma wanda ke fitowa daga aljihun mutum ɗaya yana iya tsayawa ranar da aljihun ya gaji. Masaukai da yawa suna wallafa jerin masaukan da suka toshe tare da dalilai. Wannan jeri ya fi kowace doka bayyana halin mai gida: idan babu kowa a cikinsa, ka yi tsammanin haɗuwa da kowane irin shara, idan kuwa ya yi tsawo ainun kuma dalilan ba su fito fili ba, ka yi tsammanin wata rana za ka wayi gari an raba ka da wasu abokanka.

Akwai wata yarjejeniya da Mastodon ya fito da ita a 2019, wadda dole masauki ya amince da ita kafin a saka shi a jerin shafin joinmastodon.org. Sharuɗɗanta huɗu ne: a riƙa ɗaukar mataki a kan wariyar launin fata da ta jinsi, a riƙa ajiye kwafin bayanai kullum, a samu aƙalla mutum na biyu da zai iya shiga sabar idan wani abu ya sami na farko, sannan a ba mambobi sanarwar aƙalla wata uku kafin a rufe. Alƙawari ne kawai, babu kotun da ke tilasta shi, amma ga sabon shiga ya fi zama a masaukin da bai ɗauki alƙawarin komai ba. A ganina matsakaicin masauki mai 'yan dubban mambobi da masu sa ido da yawa ya fi dacewa da mai farawa, musamman wanda ke neman ka rubuta dalilin shigarka kafin a karɓe ka, domin wannan ɗan jinkiri yana tankaɗe masu damfara tun daga bakin ƙofa.

Kwanakin farko

Za ka tarar da shafinka fayau, kuma wannan ne ke korar mutane da yawa. Babu na'urar da ke nazarin halinka tana turo maka abin da zai riƙe ka, abin da waɗanda kake bi suka rubuta ko suka yaɗa shi kaɗai za ka gani, bi da bi gwargwadon lokacin da aka wallafa. Maganin wannan shi ne ka cika bayanin kanka, ka saka hoto, ka rubuta gajeriyar gabatarwa, sannan ka bi mutane da yawa ba tare da jin nauyi ba, tunda daina bin mutum ba ya jawo ɓacin rai a nan. Ana iya bin maudu'i mai alamar # kamar yadda ake bin mutum, kuma ta wannan hanya ce aka fi samun abokan hira, domin binciken kalma a cikin rubutun mutane bai zo ba sai a 2023, kuma har yanzu sai wanda ya yarda ne ake iya binciko nasa. Idan rubutu ya burge ka, ka sake yaɗa shi, domin alamar so marubucin kawai take faranta wa rai, ba ta kai rubutun gaban kowa. Iyakar rubutu a yawancin masaukai harafi 500 ne. Kowane rubutu yana da wurin zaɓen harshe, kuma yana da kyau ka riƙa zaɓar Hausa idan da Hausa ka rubuta, saboda masu tace shafinsu da harshe su same ka.

Akwai al'adu biyu da tsofaffin mazauna ke riƙe da su da ƙarfi. Ta farko ita ce rubuta bayanin abin da ke cikin hoto domin makafi masu amfani da manhajar karanta allo, kuma wasu ba sa yaɗa hoton da ba shi da wannan bayani ko da ya burge su. Ta biyu ita ce lulluɓe rubutu da gargaɗi, ta yadda sai wanda ya danna zai gani. A kan hotunan gawa, jini ko harin 'yan bindiga, wannan ladabi ne da ya kamata mu koya ko da ba a tilasta mana ba, kuma masaukai da yawa sun mayar da shi doka. Amma a kan siyasa da labarin zaluncin da mutum ya fuskanta da kansa, an daɗe ana saɓani, kuma baƙaƙen fata da dama da suka shigo a 2022 sun koka cewa ana umartar su da su lulluɓe maganar wariyar da ake nuna musu don kada wasu su ji ba daɗi. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne dokar masaukinka. Idan wani baƙo daga wani masauki ya zo yana koya maka ladabi a kan abin da dokarku ba ta hana ba, ba dole ne ka bi shi ba, ba dole ne ka amsa masa ba.

Ka kuma fahimci matakan ganin rubutu tun da wuri. Akwai na kowa da kowa, akwai wanda kowa zai iya gani amma ba ya fita a shafukan jama'a, akwai na mabiya kawai, akwai na waɗanda aka ambata kawai. Wannan na ƙarshe ne mutane ke ɗauka saƙon sirri, alhali ba a kulle yake ba irin kullewar WhatsApp ko Signal. Mai masaukinka da mai masaukin wanda ka aika wa suna da hanyar karanta shi idan sun so, kuma duk wanda ka ambaci adireshinsa a cikin saƙon, ko da gulmarsa kake yi, saƙon zai je masa. A watan Mayun 2023 jami'an FBI a Amurka sun shiga gidan ɗaya daga cikin masu gudanar da masaukin kolektiva.social a kan wani bincike da bai shafi masaukin ba, suka tafi da kwamfutar da ke ɗauke da kwafin bayanan mambobi ba a kulle ba. Ɗan jarida ko ɗan gwagwarmaya da ke da abin ɓoyewa ya nemi wata manhajar don wannan. Haka kuma gogewa ba ta da tabbas, saboda masaukinka roƙon sauran masaukai kawai yake yi su goge kwafin da ke wurinsu, kuma wanda ba shi da amana yana iya ƙin gogewa.

Idan an ci zarafinka

A nan ne bambancin ya fi fitowa, kuma a nan ne ya kamata ka san makamanka kafin ranar buƙata. Kana iya ɗauke mutum daga idonka ba tare da ya sani ba, na wani lokaci ko na dindindin. Kana iya toshe shi, wanda zai raba bibiyar da ke tsakaninku ya hana shi yi maka magana. Kana iya toshe masauki guda baki ɗaya idan ka lura cewa zagin daga wuri ɗaya yake fitowa, sai dai ka sani cewa duk mabiyanka na can za su zube. Akwai matatar kalmomi, inda za ka rubuta kalmar da ba ka son gani a ɓoye maka duk rubutun da ke ɗauke da ita, akwai kuma saitin da ke rufe dukkan hotuna da bidiyo sai ka danna, wanda nake ba duk mai gudun hotunan tsiraici shawarar ya kunna tun ranar farko. Kana iya kulle asusunka ta yadda babu mai bin ka sai da izininka, kuma tun daga sigar 4.3 da ta fito a Oktoban 2024 ana iya tace sanarwar da ke zuwa daga sababbin asusu ko daga waɗanda ba ka bi. 'Yan mata da matan aure da ke shiga da sunansu na gaskiya su fi kowa kula da waɗannan biyun na ƙarshe.

Toshewa kai kaɗai take karewa, kai ƙara kuwa yana kare na bayanka, don haka ka riƙa haɗa su. Ƙarar da ka kai tana zuwa ne wurin masu sa ido na masaukinka. Idan wanda ya yi laifin ɗan masaukinku ne, suna da cikakken iko a kansa, daga gargaɗi da goge rubutu har zuwa rufe asusu. Idan kuwa daga wani masauki yake, iyakar ikonsu shi ne su hana shi isowa gare ku, amma zai ci gaba da harkarsa a can. Shi ya sa manhajar ke tambayarka ko kana son a tura kwafin ƙarar zuwa masaukinsa. Ka yi tunani kafin ka amince. Ba a tura sunanka, amma ana tura bayanin da ka rubuta, kuma idan rubutun da kake ƙara a kai amsa ce da aka yi maka kai tsaye, ba sai an yi duba ba za a gane ka. Idan masaukin nasa sananne ne mai doka, ka tura. Idan ƙaramin wuri ne da ka ga alamar mai zagin da mai gidan abokan juna ne, ko ma mutum ɗaya ne, kada ka tura, ka bar masu sa idonka su yi abin da ya dace.

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin wahala, kuma ita ce ta fi damuna a duk wannan al'amari. Da wuya a samu mai jin Hausa a cikin masu sa idon masaukin da ke Jamus ko Faransa, kuma cin mutunci a harshenmu sau da yawa ba ya zuwa da ashar a fili. Yana zuwa da habaici, da zambo, da gatse, da laƙabin da ake jifan wata ƙabila ko wata ɗariƙa da shi, da addu'ar da ma'anarta barazana ce. Idan aka zuba irin wannan a na'urar fassara, abin da zai fito ba zai nuna laifin komai ba, sai mai sa ido ya rufe ƙarar da zuciya ɗaya. Akasin haka ma yana faruwa, domin wasan da ke tsakanin taubasai ko tsakanin Fulani da Barebari yana iya fitowa a fassara kamar ƙiyayyar ƙabilanci, a hukunta wanda bai yi laifi ba. Saboda haka idan za ka kai ƙara, kada ka tura ta babu bayani. Ka zaɓi dokar da aka karya daga jerin da za a nuna maka, ka haɗa duk rubuce-rubucen da suka shafi lamarin ba ɗaya kawai ba, sannan ka rubuta da harshen masu sa idon abin da kalaman ke nufi a zahiri, da abin da suke nufi a wurin Bahaushe, da wanda ake nufi da su. Ka ɗauki hoton allo tun kafin mai laifin ya goge. Ka kuma yi haƙuri, domin waɗannan mutane 'yan sa kai ne da ke wannan aiki bayan sun tashi daga nasu, ba ma'aikatan da ake biya ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki shi ne a yi ta zaginka amma abokanka su ce ba su ga komai ba. Ba ƙarya suke yi ba. Kowane masauki abin da ya iso gare shi kawai yake nunawa, kuma idan nasu ya riga ya toshe inda zagin ke fitowa, ba za su gan shi ba. Wasu masu cin zarafi ma suna saita amsarsu a matakin mabiya kawai, ta yadda daga kai sai 'yan korensu ne za su gani. Kada shirun jama'a ya sa ka yi shakkar abin da idonka ya gani.

Mataki mafi girma a hannun mai masauki shi ne yanke hulɗa da wani masauki, kuma iri biyu ne. Akwai taƙaitawa, inda rubutun wancan masaukin ke ɓacewa daga shafukan jama'a amma wanda ke bin wani a can zai ci gaba da ganinsa. Akwai kuma dakatarwa, wadda ke tsinke duk wata bibiya tsakanin masaukan biyu. An ga amfanin wannan makami a Yulin 2019, lokacin da dandalin Gab na masu tsattsauran ra'ayin wariya a Amurka ya koma amfani da manhajar Mastodon, masaukai da yawa suka toshe shi nan take, har wasu manhajojin waya irin su Tusky suka hana shiga shi ta cikinsu. An kuma ga yadda yake raba kan jama'a a 2023, lokacin da kamfanin Meta ya fito da Threads da niyyar haɗa shi da wannan gamayya ta masaukai: ɗaruruwan masu masaukai suka yi alƙawarin toshe shi, mastodon.social kuwa ya bar ƙofarsa a buɗe. Ba na ganin gamayyar za ta zaunu ba tare da wannan makami ba, domin akwai wuraren da ba su cancanci komai ba sai toshewa. Masu bincike a Jami'ar Stanford sun duba rubutu kusan 325,000 a Mastodon cikin kwana biyu a 2023, suka samu hotuna 112 na lalata da ƙananan yara da aka riga aka sani. Amma ina ganin zalunci ne mai masauki ya kwafi jerin toshewa na wani ya ɗora ba tare da ya duba hujja ba, ko ya dakatar da masauki mai dubban mutane saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da mai gidan. Idan aka yi irin wannan yankewa kuma ta shafe ka, sababbin sigogin manhajar suna sanar da kai, suna kuma ba ka jerin waɗanda aka raba ka da su. Ka tambayi mai masaukinka dalili cikin ladabi, kana da wannan haƙƙi, kuma irin amsar da ya ba ka ita za ta nuna maka ko za ka ci gaba da zama.

Idan kai ne aka hukunta, za ka samu sanarwa da dalili, kuma kana da kwana 20 ka ɗaukaka ƙara ta cikin manhajar. Ka yi bayani a taƙaice ba tare da zafi ba, ka fassara kalamanka idan fassara ce ta jawo matsalar. Asusun da aka dakatar yana da kusan kwana 30 kafin a share bayanansa, kuma a cikin wannan wa'adi kana iya shiga ka sauke kwafin abin da ka rubuta.

Ƙaura

Ikon tashi daga masauki zuwa wani tare da mabiyanka shi ne babban abin da wannan tsari ya fi Facebook da X da shi, amma sai wanda ya shirya ne yake cin moriyarsa. Tun yau, ko da ba ka da niyyar tashi, ka shiga sashen fitar da bayanai a cikin saituna ka sauke jerin waɗanda kake bi da waɗanda ka toshe, ka riƙa sabunta shi lokaci zuwa lokaci. Ranar tashi kuwa, sai ka buɗe asusu a sabon masaukin, ka shiga saitunansa ka rubuta tsohon adireshinka a wurin da aka tanada don nuna cewa daga can ka fito, sannan ka koma tsohon asusun ka ba da umarnin ƙaura zuwa sabon. Mabiyanka za su koma da kansu sannu a hankali, wani lokaci cikin sa'o'i, wani lokaci cikin kwanaki. Waɗanda kake bi kuwa kai za ka ɗora jerinsu da hannunka. Tsofaffin rubuce-rubucenka ba sa bin ka, suna nan a tsohon wuri muddin yana raye, kuma sai bayan kwana 30 za ka iya sake wata ƙaurar. Mabiyan da ke masaukin da sabon gidanka ya toshe ba za su iso ba, don haka ka duba jerin toshewarsa kafin ka tashi.

Duk wannan yana yiwuwa ne idan tsohon masaukin yana aiki kuma ba a dakatar da asusunka ba. Masaukai suna mutuwa: mastodon.technology ya rufe a ƙarshen 2022 saboda lalurar iyali da ta sha kan mai shi, mastodon.lol kuma ya rufe a 2023 bayan rigima ta gajiyar da mai gudanar da shi. Dukansu sun ba da sanarwa tun da wuri, amma akwai waɗanda ke ɓacewa dare ɗaya. Idan ka ga mai masauki ya yi watanni bai ce uffan ba, ko manhajar ta daɗe ba a sabunta ta ba, ko ƙararraki sun daina samun amsa, ka tashi tun sabar tana numfashi.

Mai yiwuwa wani ya karanta wannan ya ce mafita ita ce a kafa masauki na masu jin Hausa, kuma na yarda da shi, domin babu abin da zai warware matsalar habaici da zambo sai masu sa ido da suka tashi cikin harshen. Sai dai kafa sabar ne ɓangare mai sauƙi, tunda akwai kamfanonin da ke ɗaukar nauyin wannan a kan kuɗin wata. Abin da ke da wuya shi ne samun aƙalla mutum uku masu amana da za su raba sa'o'in dare da rana, a cikinsu har da mace, da rubuta dokoki da Hausa a fili a kan takfiri, da ƙiyayyar ƙabila, da yaɗa hotunan mata ba da izininsu ba, da jita-jita a lokacin rikici, tun kafin ƙara ta farko ta iso. Kada a bar rajista a buɗe ba mai tsaro, domin a Fabrairun 2024 masu watsa saƙonnin banza sun yi amfani da ƙananan masaukai da aka bari a haka suka cika gamayyar da shara, kuma da yawa daga cikin waɗannan masaukai toshe su aka yi. Kada kuma a dogara da cewa wata ƙungiya za ta kawo ɗauki, tunda IFTAS, wadda aka kafa don tallafa wa masu sa ido da kayan aiki, ta rage ayyukanta a 2025 saboda ƙarancin kuɗi. Mai masauki a Najeriya yana riƙe da bayanan mutane, don haka dokar kare bayanai ta 2023 da dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024 sun shafe shi, kuma ya kamata ya zauna da lauya ya san abin da zai yi ranar da hukuma ta nemi bayanan wani mamba, ya kuma rubuta wannan matsaya a shafin bayanin masaukin inda duk mai niyyar rajista zai karanta.